Azurfa a Kan Baƙin Ƙarfe: Yadda Na Kai Baba Columbus

Asabar: daga Greensboro zuwa Mount Airy

Ƙarfe biyar da minti ashirin, ko kiran asuba ba a yi ba, motar Malam Istifanus ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke gabashin Greensboro, a jihar Carolina ta Arewa. Baba ya riga kowa shiryawa. Yana zaune a falo da babbar riga da hula, sanda a tsakanin gwiwoyi, kamar wanda za a kai filin jirgi. Ku mutanen gida na Kazaure da kuka dame ni da saƙo, kuna tambayar ina na kwashi tsoho marar lafiya na kai shi, ga amsarku. Zan faɗa muku har da inda na yi laifi.

Kun san Baba maƙeri ne ɗan maƙeri, kuma kayan doki ne aikin gidanmu: likkafa, linzami, ƙaimi. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne akwai aiki ɗaya da bai gada ba. Kakanmu, wanda Baba ke kira Baffa, yana ɗora zanen azurfa a kan baƙin ƙarfe, doki ya tsufa ya mutu azurfar ba ta motsa ba. A bayan asabari yake yin wannan aikin shi kaɗai, kuma al'adar gidan ita ce ba a nuna wa ɗa sai ya cika arba'in. Baba na da shekara talatin da huɗu, yana aiki a garejin jirgin ƙasa a Zariya, aka aiko masa Baffa ya rasu. Ya dawo ya riƙe maƙera, ya yi ta gwadawa har ya tsufa. Yakan haƙa rami da kurfi, ɗan ƙarfen nan mai kaifin baki, ya kwantar da zaren azurfa a ciki, bayan damina uku ko huɗu ta ɓamɓare. Masu dawaki su ce, "Yana da kyau, amma ba kamar na tsoho ba." Ina yarinya na sha jin wannan maganar daga zaure.

Shekara biyu ke nan yana wurina saboda hawan jinin ido. Na hagu ya tafi tun kafin ya zo. Na dama kuwa, in ji shi, kamar mai leƙe ta ramin makulli yake gani da shi, kuma likita ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa ramin ƙara tsukewa yake yi.

Malam Istifanus mutumin Zonkwa ne, tsohon direban bas, dattijo a cocinsu, yana zaune a McLeansville. Shi ne abokin hirar Baba. Shi ya kawo masa wata takardar talla mai hoto: wani gidan tarihi a Columbus ya aro kayan mutanen Viking, waɗansu jaruman arewacin Turai na wajen shekara dubu da suka wuce. A cikin hoton akwai likkafar baƙin ƙarfe da zanen azurfa, an tono ta daga kabari. Baba ya yini yana bin ta da gilashin ƙara girma. Da yamma ya ce, "Shekara dubu a ƙasa ba ta saki ba. Ga wani gefe da ta ɗan ɓare. In na ga abin da ke ƙarƙashin wurin nan, na ga hannun Baffa."

Na nemo masa bayani a waya na fassara masa. Ya ce wanda ya rubuta bai taɓa riƙe guduma ba. Ya ce a kai shi. Na ce sai na samu hutu. Aikin kula da tsofaffi nake yi, awa goma sha biyu a tsaye, in dawo gida in tarar da nawa tsohon yana zancen likkafa. Sau biyu ya sake tambaya, sau biyu na ce masa sati mai zuwa. Sati takwas na ja shi. Sai da Malam Istifanus ya kira ni ya ce, "Hajara, ƙarshen watan nan za su kwashe kayan. Ni zan tuƙa, ke dai ki samo wanda zai riƙe miki aikinki."

Muka ɗauki hanyar yamma, mil talatin zuwa Winston-Salem, muka karya arewa. Ƙarfe shida da rabi muka tsaya a wani gidan mai kusa da Mount Airy, ni da Baba muka yi salla a gefen ciyawa, sanyi na shiga har ƙashi. Malam Istifanus ya zuba mana kunun gyaɗa daga fulas, muka ci ƙosan da na soya.

"Alhaji, ka san gobe Lahadi," in ji shi. "Na bar coci saboda ƙarfen arna."

"Ladanka na wajen Allah," in ji Baba. "Amma ka rage gudu, ka tuna ba bas ba ce."

Duwatsun Virginia

Daga nan hanya ta fara hawa. Ƙarfe bakwai da kwata muka shiga Virginia cikin hazo, manyan motoci na jan ciki a gefen dama da fitilunsu a kunne. Da hazon ya yaye sai ga itatuwa sun yi ja da rawaya har iyakar gani. Na ce, "Baba, dubi ganye." Ya juya kai a hankali, yana neman inda zai sa ɗan ramin idonsa. Ya ce, "Ma sha Allah." Ban sani ba ko ya gani.

Bayan Wytheville akwai wurare biyu da aka huda dutse hanya ta bi ta ciki. Na farko gajere ne, muka wuce ana hira. Na biyu ya kai mil guda. Muka shiga, muka fito, rana ta haske gilashin mota tar. Mun yi kamar minti uku muna tafiya sai na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa.

"Istifanus, ramin nan da tsawo yake."

Malam Istifanus ya dube ni ta madubi.

"Mun kusa fita, Alhaji," in ji shi. "Saura kaɗan."

Sai da muka ƙara wajen mil biyu Baba ya sauke numfashi ya ce, "Yauwa, alhamdu lillahi." Idon ne ya ɗauki wannan lokacin kafin ya dawo. Tsoro ya kama ni sosai a wurin nan, irin wanda ban ji ba ko a ofishin likita. Na lissafa sati takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, na ji na tsani kaina.

West Virginia zuwa Ohio

Masu tambayar shingen hanya, babu ko ɗaya. Mil ɗari huɗu ba wanda ya ce mu buɗe but ɗin mota. Abin da ke akwai tolget ne guda uku tsakanin Princeton da Charleston, kowane dala huɗu da 'yan kai. A na biyu matar da ke karɓar kuɗi ta leƙo ta yaba hular Baba. Da aka fassara masa ya ce a gaya mata aikin Kazaure ne, kamar ta san inda Kazaure take.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan muka tsaya a Charleston muka sha mai. Baba ya ƙi cin komai na kanti, sai dambun naman da na ƙullo masa. Na ɗiga masa maganin ido a wurin fakin. Ku da kuka san mu kun san ni ce 'yar fari, kun kuma san irin kunyar Baba. Bai taɓa kiran sunana ba, "ke" ce kawai. Ban taɓa tuna ranar da ya riƙe hannuna ba. Ko maganin nan, daga nesa nake ɗiga shi, shi yana kallon sama, ni ina kallon kwalba. In za a tsallaka titi kuwa gefen rigar Malam Istifanus yake kamawa.

Muka haye kogin Ohio ta Ravenswood, muka bi ta Athens da Lancaster, gonakin masara busassu hagu da dama. Ƙarfe biyu da minti arba'in muka shiga Columbus.

A gidan Anti Zuwaira muka sauka, 'yar zangon Kumasi, ƙawar uwar mijina. Tun daga bakin ƙofa take ɗaga murya: "Akwaaba, Baba! Sannu da hanya! Wai ƙarfe kuka zo gani tun daga Carolina?" Ta cika mana faranti da shinkafa da wake irin nasu, da yaji baƙi mai kifi wanda ya sa Malam Istifanus hawaye. Baba ya ci loma biyar ya ajiye cokali. Tambayarsa ɗaya ce, ƙarfe nawa ake buɗe wurin.

Lahadi: gidan tarihi

Ƙarfe goma ake buɗewa, goma saura kwata muna bakin ƙofa. Tikiti dala ashirin da biyu, na tsofaffi sha takwas. Muka wuce takubba da gatura da wani ƙaton kwalekwale, Baba bai ko waiwaya ba. Ɗakin kayan doki na can ƙarshe. Ɗakin da duhu-duhu. Sun rage haske da gangan don kada tsofaffin kayan su lalace, kowane abu na cikin akwatin gilashi da 'yar fitila a sama.

Kayan kam sun isa kallo. Ga linzami mai zobba biyu, ga ƙaimi dogo siriri, ga ƙananan farantai masu ruwan zinariya da ake jerawa a jikin ragama, an zana musu dabbobi masu dogon wuya suna cizon juna. Likkafar tana tsakiya. Doguwa ce, ta tsuke a sama, ba faffaɗa irin tamu ba, da ƙaramar taga ta ɗaura igiya. An bi ƙafafunta biyu da zaren azurfa da na jan ƙarfe, fari da ja, an kitsa su kamar kitson shuku. Rubutun gefe ya ce tare da mai ita da dokinsa aka binne ta.

Malam Istifanus ya kai Baba har gaban gilashin. Baba ya cire hula, ya matsa har hancinsa na taɓawa. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya fito da gilashin ƙara girma. Numfashinsa ya dushe wurin, ya goge da hannun riga, ya sake. Mun fi minti goma a haka.

"Ina ganin abu tsaye," in ji shi. "Baƙi."

Wata ma'aikaciyar wurin, farar mace mai furfura, ta matso. Na yi mata bayani. Ta ce buɗe akwatin ba a hannunta yake ba, ba a hannun kowa a garin ba ma, aro suka yi. Amma ta yarda na haska fitilar waya na ɗan lokaci. Hasken ya dawo daga gilashin ya doki idonsa, ya kau da kai. Na ɗauki hoto na buɗa shi har iyaka, na kai masa fuska. Ya ce hayaƙi kawai yake gani. A watan da aka kawo masa takardar nan, da wannan idon ya ƙirga kitson azurfar ɗaya-ɗaya.

Matar ta tafi ta dawo da wata likkafar da suka yi don baƙi su taɓa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya bi ta da babban yatsa sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya miƙa mata.

"Ki yi mata godiya. Amma wannan zubi ne, ba ƙira ba. Guduma ba ta taɓa ta ba."

Ya mayar da hularsa. Ya ce, "Istifanus, mu je. Na wahalar da ku."

Ni ban san lokacin da na ce, "Baba, tsaya, bari ni in duba," ba. Na karɓi gilashin daga hannunsa na durƙusa. Can ƙasa, kusa da inda ƙafa ke takawa, ga wurin da azurfar ta ɓare, bai fi faɗin farce ba.

"Akwai rami a ƙarƙashi?" in ji shi.

"Babu rami."

"Ki duba da kyau. Ina zaren zai kwanta in babu rami?"

"Wallahi babu. Layuka ne ƙanana, sirara, a jere kamar haƙoran matsefi."

"Ƙwayar gero za ta rufe nawa?"

"Uku. Ko huɗu."

"Ina suka nufa?"

Na ce sun nufi nan, waɗansu kuma sun nufi can, ina nuni da hannu ga mutumin da ba ya gani. Ya ce bai gane ba. Na sake faɗa, na ƙara rikita shi. Ba ni da kalmomin, ba a taɓa zaunar da ni a maƙera ba. Raina ya ɓaci, na miƙe na kamo hannunsa na dama na buɗe tafin. Ya ɗan ja baya, sannan ya bari. Tafin duk kanta ne, da tabon ƙuna a gindin yatsa wanda ban taɓa sanin yana da shi ba. Da farcena na ja masa layuka a jere. Na gicciya waɗansu a kansu. Na sake leƙawa, na ga akwai na uku a karkace, na ja su su ma.

"Sake," in ji shi.

Na sake.

"Duk fuskar ƙarfen, ko inda zanen ya bi kawai?"

"Duk inda ya ɓare haka yake, har gefe."

Tafinsa na nan a buɗe a cikin hannuna. Can ya ce, "Ba haƙawa ake ba. Sassara fuskar ake yi ta yi haƙora, a ɗora azurfa da sanyinta a buga, haƙoran su cije ta." Sai muryarsa ta canja. "Ƙarar nan ke nan. Kwana biyu, kwana uku, kafin ya taɓa azurfa, sai mu riƙa jin ƙas-ƙas-ƙas daga bayan asabari, kamar kaza na tsattsagar tire. Ni ina zuga wuta a waje. Na ɗauka gyaran baki yake wa kurfi. Tun ina ɗan shekara bakwai nake jin ta."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ran nan. Malam Istifanus ya juya yana karanta rubutun wani akwati da na tabbata bai dame shi ba. Matar nan ta kawo kujera. Baba ya zauna, ya sa aka karanta masa rubutun likkafar tun daga farko. Da aka zo wurin kabari ya ce, "Su da ƙarfen suka tafi ƙasa, ƙasa ta dawo da shi. Baffa kuwa a cikin kansa ya tafi da nasa."

Ƙarfe goma sha biyu da rabi muka fito.

Litinin: komawa

Anti Zuwaira ta ƙulla mana guzuri kamar masu tafiya Makka. Ƙarfe bakwai muka bar Columbus. Muna haye kogi Baba ya ce a kira masa Nafi'u, ɗan ƙaninsa da ke riƙe da maƙerarmu yanzu. Nafi'u, na san za ka karanta wannan, ba kuma ƙararka nake kaiwa ba. Baba ya yi maka bayani tiryan-tiryan, layi uku, ƙwayar gero, bugun sanyi. Muna jin ƙarar injin walda a bayanka. Ka saurara da ladabi har ya gama, sannan ka ce, "Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai rabon da a kawo mana aikin likkafa tun kafin ka tafi. Ƙofofi da tagogi muke yi." Gaskiya ka faɗa. Baba ya ce, "Haka ne. Allah ya yi albarka." Muka ci gaba da tafiya har Beckley.

A can, da muka tsaya salla, na ce masa, "Baba, da na kawo ka tun wancan watan, da da idonka ka gani."

Ya ce, "Ke, ɗauko min buta."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma har yau bai tayar da maganar ba. Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Ƙarfe uku da minti goma muka iso Greensboro. Mijina na bakin ƙofa yana jiranmu. Malam Istifanus ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, ya ce in na matsa zai daina zuwa hira.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Istifanus, wanda ya san lokacin magana da lokacin kau da kai. Na gode wa Anti Zuwaira, da abokiyar aikina da ta riƙe min kwana uku, da baiwar Allahn nan mai furfura da ban ko tambayi sunanta ba.

Kwana goma sha ɗaya da dawowarmu Baba ya daina bambance taga da bango. Likita ta duba ta ce abin da ake jira ne ya zo. Yanzu yakan yini a kujerar falo mai hannun katako. Jiya ina shara na lura hannun kujerar na dama ya yi fari. Na sunkuya na duba. Da farce ya sassare shi, layi a jere, layi a gicciye, layi a karkace, ƙanana, daidai wa daida, tun daga gaba har inda gwiwar hannu ke sauka. Mijina ya ce ko a sa masa ƙyalle a wurin kada ya ji ciwo. Na ce a bar shi, bai gama ba, saura hannun hagu.